Gyado a Cikin Akurki

Shekarar da ake zuba wa hanyar Tambuwal kwalta na yaye ɗiyata. Da bazara ne, ana jiran ruwa. An kai ta Fakku wajen mahaifiyata kamar yadda ake yi, ta yi kwanakinta a can, aka dawo da ita. Nono kam ta manta da shi, sai dai ta dawo ba ta cin abinci. In an miƙa mata kunu sai ta datse baki ta juya fuska ga bango. In an danne ta an yi mata ɗura, ta haɗiye rabi, rabin kuma ta mayar a zanen wanda ya riƙe ta. Ko kuka ba ta yi. Da kukan take yi, da na fi samun sauƙi.

Ɗiyar fari ce, ni kuma a gidan surukai nake. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi ba ni ke fara tashi ba. "Yarinyar nan" nake ce mata, kamar 'yar maƙwabta ce ta shigo ɗiban wuta. Gidan kuwa gidan karatu ne. Uban mijina, wanda kowa ke ce wa Malam, a zaure yake wuni da littattafansa, magidanta na zuwa ɗaukar karatu wajensa har daga Jabo da Dogon Daji. Uwar mijina, Inna, ita ke da tsakar gida. Namu sashen yana can ƙurya an kewaye shi da zana, ɗaki ɗaya da ɗan fili a bayansa, sai wata 'yar ƙofa ta baya da ake fitar da taki.

Wata rana ina tankaɗe kusa da Inna na kasa daurewa. Ban ɗaga kai ba na ce, "Inna, yarinyar nan ko ba ta taɓa kunun ba."

Ta dube ni ta gefen ido. "Ikon Allah, ɗiyan zamani. Ɗiyar fari kika ƙidaya ma loma? Kau da idonki. Yunwa ba ta da kara, in ta kama ta da kanta za ta biɗi akushi."

Na kau da ido a gabanta. A ɗaki kuwa kullum sai na zagaye damtsen yarinyar da yatsuna biyu, kullum kuma zoben yana ƙara sakewa. Gashinta ya fara ja, ya yi laushi kamar gemun masara.

Maigidana da can manomin duma ne. Ya iya ɗaure ɗanyen duma da tsumma don wuyan gora ya fito siriri, ko ludayi ya lanƙwasa yadda mai saye ke so. Da kamfanin hanya ya kafa sansani a bayan gari sai ya jingine fartanya, ya zama mai gadin gidan Baturen da ke kula da aikin. Lokacin kuɗi ya shigo ƙasa, kowane saurayi maganarsa babur da rediyo. Shi burinsa tifa. Yakan zauna bakin gado ya riƙe faifaina kamar sitiyari yana murzawa, yana yi wa kaji oda da baki.

Ana gab da saukar ruwan farko ya shigo da azahar ta ƙofar baya, da buhun siminti a hannu, buhun yana motsi.

Na ce, "Mi ka ɗauko?"

"Tifa na kawo miki."

Ya zazzage buhun a ƙasa. Abin bai fi kyanwa ba, toka-toka, da dogon gashi a doron baya da fuska shimfiɗaɗɗiya. Na girma a bakin daji, ba sai an gaya mini ba. Ɗan gyado ne, wanda wasu ke ce wa gadu, aladen daji. Na ja da baya har na taka kwano.

Ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Wani maharbi ne daga dajin Kebbe ya kashe uwar, ya kawo ɗan sansani. Matar Baturen ta rungume shi kamar jariri, tana ba shi madarar gwangwani da cokali. Kukun gidan ya ce wai a ƙasarsu akwai masu ajiye ƙaramin alade a ɗaki, suna wasa da shi. Yanzu damina za ta tsayar da aiki, za su tafi gida hutu, shi ne ta ba maigidana ajiya. In ta dawo ta same shi kamar yadda ta bar shi, ɗan mitsitsi abin ɗauka a hannu, za ta sa mijinta ya haɗa shi da direbobin tifa su koya masa tuƙi. Haka dai kuku ya fassara masa.

Na ce, "Gyado ba shi tsayawa ƙarami. Na ga uwayensu suna tone rogon babana, sun fi bunsuru."

"Na daji ke nan da ya samu fili. Duma ma in ka sake shi masaki shika zama. In ko ka ɗaure shi tun shina ɗanye, inda ka ce nan shika tsayawa."

"A gidan Malam?"

"Wa za shi gaya ma Malam? Ke?"

Ya san bayan gaisuwa ban taɓa yi wa Malam magana ba, ita ma a durƙushe, kai a ƙasa.

A bayan ɗakinmu akwai tsohon akurki na laka wanda ciwo ya ƙare kajin cikinsa. Tsayinsa ya ɗan wuce gwiwata, zagayayye kamar tukunyar da aka kife, da 'yar ƙofa a ƙasa wadda kaza ke sunkuyawa ta shiga. Nan ya tura shi, ya toshe da dutse. Ya kafa mini doka: ludayi guda na dusa da ruwa a wuni, kada in ƙara ko da ya yi kuka. Ya yi kukan kuwa, siriri kamar ƙarar ƙyauren kwano, amma tsakaninmu da tsakar gida akwai turken awaki, ga Inna gwiwa ta hana ta yawo. Ba wanda ya ji.

Kwanakin farko da sanda nake tura masa kaskon dusar, ina kau da kai. Da na gama sai in wanke hannu da toka, in sake da sabulu, in canza zane kafin in yi salla.

Wata safiya na dama kunu na ajiye wa yarinyar a gabanta kamar kullum, na shiga ɗaki gyaran gado. Da na fito babu ita babu kwanon. Na zagaya baya. Tana zaune dirshan a bakin akurki, ta ture dutsen gefe kaɗan, wani ɗan hanci mai laima ya leƙo. Ta tsoma hannu a kunun ta miƙa masa, ya lashe. Na buɗe baki zan daka mata tsawa, sai na ga ta sake tsoma hannun, ta kai bakinta.

Na tsaya a jikin bango ban motsa ba. Ta ba shi, ta ci. Ta ba shi, ta ci. Hannun da ya lasa shi take mayarwa bakinta, amma ban hana ta ba. Sai da suka ga ƙasan kwanon. Rabona da ganin ƙasan kwanonta tun kafin a kai ta Fakku.

Ranar na wanke ta da toka har fatarta ta yi ja. Da la'asar na gwada ta da tuwo a ɗaki, ta juya fuska ga bango. Na ɗauki tuwon na kai bakin akurki na ajiye, na koma gefe. Ta bi shi da gudu.

Daga nan abin ya zame mana aiki. Da maigida ya fita, sai in ja zanar sashenmu in ɗaure, in zuba abinci ninki biyu a wani kwano da na ware, in ɗauke dutsen. Gyadon yakan fito yana ƙifta ido, ya tsaya a rana kaɗan, sai ya zuba da gudu yana zagaya filin, wutsiyarsa a miƙe sama kamar eriyar rediyo. Yarinyar tana bin sa tana faɗuwa tana tashi. In zai ci abinci sai ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba kamar mai gaisuwa, ita ma ta durƙusa kusa da shi. In an yi ruwa ya sami taɓo a gindin katanga, ya yi ta birgima, ya zo ya goga jikinsa a ƙafarta. "Akuyata" take ce masa. Ba ya son sanyi ko kaɗan, da hadari ya haɗu shi ke fara komawa akurki.

Ta ci ɗanwake, ta ci fura, ta ci dafaffiyar gujiya. Damtsenta ya fara cika yatsuna. Baƙin gashi ya fito a ƙarƙashin jan. Inna ta ɗaga ta wata rana ta ce, "Ba na gaya miki ba? Yunwa ta yi aikinta." Na ce, "Haka ne, Inna."

Hankalina dai bai kwanta ba ko wuni guda. In na ta da salla sai in riƙa tunanin ko gashinsa ya maƙale a zanena. In yarinyar ta gudu zaure ta hau cinyar Malam, yana tsokanarta da "amaryata ta zo biɗar kuɗin cefane", sai in tuna inda hannun nan nata ya shiga, ga shi tana taɓa gemunsa da littafinsa. Ina jin muryarsa daga nesa yana warware wa mutanen wasu garuruwa matsalolin ruwa da tsarki, ni da ke gidan ba ni da bakin tambaya. In gaya wa Inna kuwa, sai na fara da cewa na zauna ina gadin cikin ɗiyar fari, sannan in kai ga gyado.

Abin da ke cin rabin abincin yaro kullum, dole ya girma. Gero na fara fitar da kai na lura yana goga kafaɗa a ƙofar akurkin in zai fita. Wata rana hadari ya taso, ya ruga zai shiga, ya maƙale a ƙugu. Ya fasa ihun da ban taɓa jin ya yi ba. Na tsorata kada a ji, na sa hannu biyu a ɗuwawunsa na tura da ƙarfina, laka ta ɗan ɓare, ya faɗa ciki. Washegari ya zo fita, kai ya wuce, kafaɗa ta ƙi. Ya gwada, ya gwada, ya koma. Bai sake taka filin nan ba.

A makon ne maigida ya zagaya ya leƙa. Ya daɗe a tsugune, sannan ya shigo ɗaki.

"Mi kika ba shi?"

"Dusa."

"Dusa ta yi mai wanga wuya? Ke, dube ni."

Na gaya masa gaskiya, cewa yarinyar ba ta ci sai tare da shi. Shi ma ɗiyar fari ce a wajensa, bai taɓa tambayata ko ta ci ko ba ta ci ba, amma na sha kama shi yana kallon wuyanta. Can ya ce, "To ki ba ta a can, shi kada ki ba shi."

"In bai karɓa ba ba ta kaiwa bakinta."

"Ki rage. Saura kaɗan su dawo. Kina so in ƙare a ƙofar gidan Nasara ina korar awaki?"

Ya kwaɓa laka ya liƙe ƙofar akurkin, ya bar rami daidai shigar hannu. Ya ce yanzu ko ya so girma bango zai tsare shi.

Wannan ne lokacin da ba na son tunawa. Yarinyar tana zama a bakin ramin da kwanonta, hancin yana fitowa, tana ba shi tana ci. Na gwada ragewa. Na riƙe hannunta na ce, ke ci biyu shi ɗaya. Ta fizge, ta ajiye kwanon, ta juya baya. Na gwada ba shi ganye ita tuwo, ta ƙi, sai abin da ya ci za ta ci. Na bar su. Ita tana cika, shi ma yana cika, laka kuwa ba ta matsawa.

Da farko ina jin yana juyawa a ciki, jikinsa yana gogar bango. Daga baya juyawar ta zama da wahala, sai ya daɗe yana nishi kafin hancin ya iso ramin. Daga baya ya daina juyawa gaba ɗaya, ya zauna da fuska a ramin. Yana tonon bangon da hanci har ya zama gyambo, in yarinyar ta janye hannu sai in ga jini a yatsunta. Ba ni da hanyar share cikin. Nakan ɗebi toka in watsa ta ramin, in zuba ruwa da buta ya gangare ta ƙasa. Wari ya kama sashen, na riƙa ƙona bawon lemo da ƙaro. Ya daina kuka ma. In na kasa kunne a jikin lakar, numfashi kawai nake ji, da wata 'yar ƙara kamar ana tauna tsakuwa.

Sau da yawa na ɗauki taɓarya na tsaya a kan akurkin. Bugu biyu zai fashe. Amma in ya fito ina zan kai shi da rana tsaka a cikin Tambuwal, a bayan gidan Malam? In kuma ya tafi, wa zai karɓi loma a hannunta? Sai in mayar da taɓaryar.

Ruwa ya ɗauke, aka yanke gero, motocin kamfani suka dawo aiki. Baturen ya dawo shi kaɗai. Matar ta zauna can ƙasarsu, wai za ta haihu. Maigida ya sa kuku ya yi masa maganar ajiya, Baturen ya daɗe bai gane ba, da ya gane ya yi dariya ya ce a sake shi daji. Maganar tifa ba ta taso ba, da alama ma bai taɓa jin ta ba. Maigida ya gaya mini wannan yana kwance, fuskarsa a bango. Na ce to yanzu fa? Ya ce zai san abin yi. Bai yi komai ba. Ya dai daina zagayawa bayan ɗaki, ko alwala a gaba yake yi.

Yarinyar ce ta kai Inna bakin akurkin. Ran nan Inna ta yi ɗanwake da hantsi ta zuba mata a tsakar gida, tana cewa yau sai ta ci a gabanta ta gani. Yarinyar ta ɗauki kwanon, ta kama bakin zanen Inna tana ja. "Akuyata, akuyata." Ina wanke-wanke, ina ji, ina gani. Inna ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa, tana cewa, "Yaushe kika yi arzikin akuya ban sani ba? Mu je in ga dukiya." Da ɗiya ta biyu ce da na ɗauke ta na ce barci take ji. Na zauna da kwano a hannu har suka shige zana.

Inna ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta fito ita kaɗai, ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta tsaya a bakin zaure ta yi sallama. Aka sallami masu karatu. Aka aika sansani aka kira maigida.

Malam bai taɓa shiga sashenmu ba sai ranar. Ya tsaya a kan akurkin, ya sunkuya ya dubi hancin da ke ramin, ya daɗe. Ni ina durƙushe a gindin zana, Inna ta riƙe yarinyar. Ya tambayi ɗansa tun yaushe, ya ce tun farkon damina. Ya tambaye shi dalili, ya faɗa, har da maganar duma. Malam ya ce, "Fasa."

Maigida ya sa gatari ta sama a hankali, lakar ta rabe gida-gida. Warin da ya taso ya sa Inna ta toshe hanci da gyale. Abin da ke ciki bai tashi ba. Ya yi zagaye kamar akurkin, bayansa ya lanƙwashe, ƙafafun baya sun shige ƙarƙashin ciki sun sandare. Kofatansa sun yi tsawo sun murɗe sama. Gashin doron ya zube, duk inda jikinsa ya jingina da bango fatar ta saɓule, ga tsutsa fari-fari a gyambon cinya. Ɗan haurensa guda ya karye wajen tonon bango. Rana ta dokar masa ido ya runtse. Yarinyar ta ce, "Akuyata," ya juyo da kai wajen muryar, ya yunƙura ya kafa gwiwoyin gaba, bayan ya ƙi biyo shi, ya kife a gefe.

Malam ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Muryarsa ba ta tashi ba. Ya dubi ɗansa. "Tsoron mi ya sa kunka rufe shi?"

"Najasa, Malam. Kada a ce a gidanka."

"Cin shi anka hana. Mai rai kuwa, muddin shina numfashi, jikinai ba najasa ba ne, wanga ko ƙaramin ɗalibi ya san shi. Da ka kawo shi zaure da na ce ka mai da shi inda Allah ya aje shi, magana ta ƙare. Kai ka ji tsoron abin da ba a kama ka da shi ba, ka ɗauki hakkin da ba ka da inda za ka kai shi." Ya juyo wajena, bai dube ni sosai ba. "Ke kuma ɗiyata, kullum kina gidan ga. Mi ya hana ki aiko a tambaya?"

A lokacin yarinyar ta zame daga hannun Inna, ta ɗauki kwanonta, ta je ta tsuguna a kansa. Ta sa masa ɗanwake a baki, ya karɓa a kwance. Ta ɗauki wani ta ci. Duk muna kallo. Inna ta dube ta, ta juyo ta dube ni, na ga ta gane daga ina ƙibar damina ta fito.

Malam ya ce wannan ba zai sake tafiya ba, barin sa haka ƙarin zalunci ne, a hutar da shi yau. Inna ta ce ba dai da wuƙar gidanta ba. Maigida ya ce ko a kira wani daga leburorin hanya, akwai masu ci a cikinsu. Malam ya ce, "Mi za su ci a nan? Kuma mi sunka yi maka da za ka aza musu? Hannun da ya liƙe ƙofa shi za shi ƙarasa."

Inna ta ɗauke yarinyar ta kai ɗakinta. Maigida ya naɗe shi a buhun gero, ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki gatarin ya fita ta ƙofar baya. Gyadon bai yi ihu ba da aka ɗaga shi. Sai bayan la'asar maigida ya dawo, babu buhu babu gatari, ya yi wanka ya zauna bakin gado, tuwonsa ya kwana a rufe.

Washegari yarinyar ta ɗauki kwanonta ta zagaya baya. An kwashe ɓaraguzan an zuba a gindin katanga, wurin ya zama baƙin da'ira a ƙasa. Ta zauna a gefen da'irar har rana ta take, kwanon a cinyarta, ƙuda na bin sa. Ba ta tambayi kowa ba.

Ta koma yadda ta dawo daga Fakku, har ta fi. Inna ta sa aka ɗaure mata ɗan akuya fari a wurin, ta ce, "Ga akuyarki ta yi wanka." Ko kallonsa ba ta yi ba. Malam ya yi rubutu aka ɗura mata, ta mayar. Maigida ya kawo biskit da madarar gwangwani daga sansani, ta riƙe biskit ɗin a hannu har ya narke. Aka kai ta ɗakin shan magani, ma'aikacin ya ba da na ruwa a kwalba ya ce a riƙa ba ta ƙwai da wake. Ƙwai da wake suna nan a gida. Sanyi ya fara shigowa, ƙafafunta suka kumbura, in na danna yatsa sai ramin ya zauna bai ciko ba. Yanzu Inna da kanta ke ƙidaya lomar, ina jin ta tana lallashi, tana waƙa, tana zagi, daga ƙarshe ta fito da kwano a cike ta ajiye ba ta dubi kowa ba.

Wata safiya bayan maigida ya fita na je gindin katanga ina jujjuya ɓaraguzan da ƙafa. Na sami ɓangaren da ramin yake, bai fashe ba, saboda sabuwar lakar da aka liƙa ta fi tsohuwar ƙarfi. Bakin ramin ya yi santsi, ya yi baƙi. Na ɗauko shi na kafa a gefen da'irar, na tokare da duwatsu biyu. Na dama kunu na ɗauko yarinyar daga tabarma, ba ta da nauyi sai na ƙafafun, na zaunar da ita a gabansa da kwanon. Sannan na zagaya ta baya na kwanta rub da ciki a kan baƙar ƙasar, na kai bakina ramin.

Warin yana nan a cikin lakar. Na yi numfashi da ƙarfi ta hanci kamar yadda yake yi. Ta san ni ce, ɓangaren bai rufe ko kafaɗuna ba, ga ƙafafuna a fili. Ta ramin ina ganin cikinta da gwiwoyinta da kwanon. Ta daɗe ba ta motsa ba, har wuyana ya ƙage. Sai na ga hannun ya shiga kunun, ya taso, ya nufo ni. Na lashe, da ɗanɗanon ƙasa da komai. Hannun ya koma kwanon ya tsaya a ciki. Ya taso a hankali ya wuce sama, inda ramin ba ya nuna mini, na ji ta haɗiya.

Ba ta ci da yawa ba, ko rabin rabi ba ta kai ba. Muna cikin haka na ji tafiyar Inna, da jan ƙafar nan tata, ta kawo wa ɗan akuya dusa. Ta tsaya a kusurwar ɗaki. Ina kwance a ƙasa, kunu a haɓata, ɗankwalina ya zame, a gaban uwar mijina, saboda ɗiyar fari. Na rasa ko in tashi ko in zauna. Hannun ya sake nufo ramin, na buɗe baki.

Inna ta ajiye kwaryar dusar a ƙasa. Ta ce, "Gobe ki shimfiɗa buhu, ƙasar ga da sanyi." Ta juya, na ji ta ja zanar sashen ta ɗaure ta waje.